MODEM DA RAUTA: BA A SARKI BIYU A GARI ƊAYA



Maganar yau ba za ta yi wa wasu abokan sana'ata daɗi ba, amma dole a faɗe ta. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya haɗa maka rauta da modem, ya zo ya zura kebul ɗaya, ya ga fitila ta kama, ya ce "an gama Alhaji", ya kama gabansa, to rabin aiki ya yi maka ya karɓi kuɗin cikakke. Abin haushin kuma, idan matsala ta taso ka kira shi, amsa biyu ce a bakinsa: ko ya ce "netwok ne", ko ya ce "rautar ce ƙarama, sai an sayo babba". Kai kuma ka koma kana zagin kamfani, ko ka sake zaro kuɗi ka sayo akwati na uku ka ɗora a kan matsalar da ba a gyara ba.

Ni wayoyi nake gyarawa, kuma sau da yawa ana kawo min waya a ce WiFi ɗinta ya lalace. Sai na haɗa ta da na shago, ta yi aiki lafiya lau. Wayar ƙalau take. Ciwon yana gida, a tsakanin akwatuna biyun nan da aka haɗa ba tare da an gaya wa kowanne aikinsa ba.

MENE NE AIKIN KOWANNE?

Modem shi ne mai magana da kamfani. Shi yake karɓo intanet daga waje, ko ta layin sim, ko ta kebul ɗin faiba, ko ta faifan Starlink. Rauta kuma ita ce mai kula da cikin gida. Tana ba kowace waya da kwamfuta da talabijin lambar adireshi, ta san saƙon wa ya fita, ta san wa za a miƙa wa amsa idan ta dawo. Wannan rabon adireshin shi ne za ka ga an rubuta DHCP a cikin saiti. Ɓoye duk na'urorin gida a bayan adireshi ɗaya na waje kuma shi ake kira NAT.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Akwatin da MTN ko Airtel ko Glo ko kamfanin faiba suka ba ka, wanda muke kira modem, ba modem kaɗai ba ne. Modem ne da rauta a jiki ɗaya. Shi ya sa yake da WiFi, shi ya sa waya goma za su iya hawa kansa. Wato tun kafin ka sayo komai, akwai sarki a gidan. Ranar da ka sayo TP-Link ko Tenda don WiFi ya kai ɗakin baya, sarki na biyu ka shigo da shi. Shi ma daga kwalinsa a shirye yake ya raba adireshi, ya yi mulki. Idan ba a sauke ɗaya daga kan kujera ba, rikici dole ne.

CUTUTTUKA UKU NA "ZURA KAWAI"

Ta farko, adireshi iri ɗaya. Rautoci da yawa na Tenda da TP-Link suna zuwa da 192.168.0.1, akwatunan ZTE da yawa su ma haka. Wasu kuma 192.168.1.1. Idan modem da rauta suka yi karo a lamba ɗaya, rautar ba ta san ina ne ciki ina ne waje ba. Sai ka ga WiFi ya cika fal a waya, amma an rubuta babu intanet. Wasu sababbin rautoci suna gane wannan su canza lambarsu da kansu, tsofaffi kuwa sai su tsaya cak.

Ta biyu, masu rabon adireshi biyu. Wannan yana faruwa idan aka zura kebul daga modem zuwa ramin LAN na rauta, aka bar DHCP ɗinta a kunne. Wayarka ta shigo tana neman adireshi, duka biyun su amsa, ta karɓi na wanda ya riga. Idan modem ya riga, intanet ya yi. Idan rauta ta riga, an nuna wa wayar ƙofar da ba ta fita ko'ina. Wannan ita ce cutar da take sa mutum ya ce "jiya ya yi, yau ya ƙi", ko "wayar Hajiya tana yi, tawa ba ta yi". Ka kashe WiFi ka kunna, ya dawo, ka ɗauka aljanu ne. Caca ce kawai ake yi da wayarka.

Ta uku, katanga biyu. An zura kebul a ramin WAN, lambobi ba su yi karo ba, intanet yana tafiya. Amma yanzu gidanka ya rabu biyu: masu hawa WiFi ɗin modem unguwarsu daban, masu hawa na rauta unguwarsu daban. Firinta tana can, kwamfuta tana nan, ba sa ganin juna. Kana so ka tura bidiyo daga waya zuwa talabijin, wayar ta ce ba ta ga talabijin ba. Yaro mai PlayStation ya duba ya ga an rubuta masa NAT Type 3, ya kasa shiga wasa da abokansa. Na'urar kyamarorin tsaro tana wahalar samuwa. Duk wannan daga NAT biyu a jere ne.

"AI YANA AIKI, MEYE NA WAHALA?"

Na san abin da za a ce min ke nan, kuma zan ba mai faɗa gaskiyarsa. Idan WhatsApp da TikTok da YouTube kawai ake yi a gidan, katanga biyu ba za ta hana su ba, kuma ba ta rage gudu yadda mutum zai lura. Duk wanda ya ce maka NAT biyu ne yake cinye maka rabin gudun intanet, ya yi ƙari.

Amma "yana aiki" ba hujja ba ce ga wanda aka biya. Mai gyaran wuta da ya murɗa waya biyu ya naɗe da leda, kwan fitila zai kama, shi ma yana aiki. Mai gida bai san akwai tarko ba sai ranar da ya sayo firinta ko kyamara, sannan a sake cajinsa kuɗin "gyara" a kan abin da minti goma zai hana tun ranar farko. Idan ka san wannan ka yi shiru, cuta ce. Idan kuma ba ka sani ba, to me ya sa kake karɓar aikin?

Wani zai ce kwastoma ba ya biyan kuɗin kirki. Gaskiya ne, wasu suna taya aiki kamar tumatir ɗin yamma. To ka faɗa masa farashinka, in ya ƙi ya tafi. Amma kada ka karɓi kaɗan ka bar masa gida a hargitse kana cewa daidai kuɗinsa.

YADDA ZA KA GANE DA WAYARKA

Ba ka buƙatar kwamfuta. Ka kashe datar wayarka, ka hau WiFi ɗin rauta, ka juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai adireshin shiga da sunan shiga. Ka rubuta adireshin a Chrome, ka shiga, ka nemi shafin Status, ka duba lambar da ke gaban WAN IP. Idan ta fara da 192.168, kusan tabbas modem ɗinka ne ya ba ta, wato katanga biyu gare ka.

Gwaji na biyu: ka shiga bayanin WiFi a waya biyu ko uku na gidan, ka duba inda aka rubuta Gateway ko Router. A gidan da aka saita daidai, lambar ɗaya ce a duka wayoyin, ko a wane ɗaki suke. Idan wata ta nuna 192.168.8.1, wata ta nuna 192.168.0.1, sarakuna biyu ne suke mulki.

HANYA TA FARKO: MODEM YA ZAMA SARKI

Wannan ita ce ta dace da yawancin gidaje, musamman masu akwatin sim waɗanda burinsu kawai WiFi ya kai ko'ina. Rauta za ta ajiye sarauta ta koma mai yaɗa WiFi kawai.

1. Cire kebul ɗin da ke tsakaninsu tukuna. Ka hau WiFi ɗin modem ka duba lambarsa. Akwatunan Huawei masu sim yawanci 192.168.8.1 ne. Ka shiga shafin DHCP ɗinsa ka ga daga wace lamba zuwa wace yake rabawa, misali daga 100 zuwa 200.

2. Koma WiFi ɗin rauta ka shiga saitinta. Ka nemi Operation Mode ko Working Mode. Idan ka ga Access Point ko AP Mode, danna shi, ka adana. Ita da kanta za ta kashe abin da ya kamata ta kashe. Ka mayar da kebul, an gama.

3. Idan tsohuwa ce babu wannan zaɓin, ka shiga LAN ka canza lambarta ta shiga unguwar modem, amma a wajen lambobin da yake rabawa. Idan modem 192.168.8.1 ne, ka ba rauta 192.168.8.2. Za ta mutu ta tashi.

4. Sake shiga da sabuwar lambar, ka je DHCP ka kashe shi. Kada ka juya tsarin nan. Lamba ake fara canzawa, sannan a kashe DHCP, in ba haka ba wayarka za ta kasa komawa ciki sai ka yi risetin.

5. Zura kebul daga LAN na modem zuwa LAN na rauta. Ramin WAN, wanda yawanci launinsa daban, ka bar shi ba komai.

6. Ka ba WiFi ɗin biyu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don waya ta riƙa komawa kan wanda ya fi kusa. A 2.4GHz kuma ka raba musu tasha: ɗaya a Channel 1, ɗaya a 6 ko 11. Waɗannan ukun ne ba sa shiga juna.

Abin da za ka rasa a wannan hanyar: iyakance gudun kowace waya da kulle yara daga wasu shafuka yawanci ba za su yi aiki a rautar ba, tunda ba ita ce mai mulki ba. Sai dai ka yi su a modem idan yana da su.

HANYA TA BIYU: RAUTA TA ZAMA SARKI

Idan rautarka ta fi akwatin kamfani ƙarfi da dabaru, ko kana da shago ko ofis da kake so ka riƙa sarrafa masu hawa, to modem ne zai sauka. A saitinsa ka nemi Bridge Mode ko IP Passthrough. A Starlink sunansa Bypass Mode, a cikin manhajarsu yake, kuma ka sani idan ka kunna shi WiFi ɗin rautar Starlink zai ɗauke gaba ɗaya, ba ya dawowa sai da risetin.

A nan kebul yana tashi daga LAN na modem ya shiga WAN na rauta. A saitin WAN na rauta, masu sim da masu Starlink su zaɓi Dynamic IP. Masu faiba ku yi hattara: kamfanoni da yawa suna amfani da PPPoE, wato akwai suna da kalmar sirri da ke cikin akwatinsu, wasu har da lambar VLAN. Kafin ka taɓa komai ka kira su su ba ka waɗannan. Kuma kada ka kuskura ka danna risetin a akwatin faiba da sunan gyara, don kana iya goge saitin kamfani ka zauna babu intanet sai sun turo ma'aikaci.

Idan ka duba ko'ina ba ka ga Bridge Mode ba, ba laifinka ba ne. Akwatunan sim da yawa an cire musu shi. To sai ka koma hanya ta farko. In kuma dole sai rauta ta yi mulki, ka tabbatar lambobinsu ba su yi karo ba, ka kashe WiFi ɗin modem don kowa ya hau rauta, ka sa lambar WAN ta rautar a DMZ na modem. Ba ita ce mafi tsafta ba, amma gida zai zama unguwa ɗaya.

Ƙaramin MiFi na aljihu wanda ba shi da ramin kebul, shi ba ya shiga wannan lissafin. Ba a yi shi don ya riƙe gida ba.

KADA A CAJE KA KUƊIN ABIN DA BA ZAI YIWU BA

Akwai katanga ta uku da ba ta hannunka. Adireshin intanet irin na da, wato IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya duka, kuma ya yi kaɗan. Shi ya sa kamfanonin layin waya suke tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Starlink ma haka yake yi a tsarinsa na gida. Idan ka duba WAN IP na modem ɗin kansa ka ga lamba tsakanin 100.64 da 100.127, ko mai farawa da 10, to kana bayan katangar kamfani. A wannan halin duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka Port Forwarding don ka riƙa shiga na'urarka kai tsaye daga waje, iska zai sayar maka. Mafita ita ce ka nemi adireshi na kanka daga kamfani idan suna bayarwa, ko ka yi amfani da kyamarorin da suke bi ta manhajarsu.

MAKULLIN GIDANKA YANA HANNUN WA?

Wannan ya fi komai ɓata min rai. Kalmar sirri biyu ce a kowane akwati: ta hawa WiFi, da ta shiga saiti. Mutane suna canza ta farko, su bar ta biyu a admin. Duk wanda ya hau WiFi ɗinka, ko yaron makwabta ne, zai iya shiga ya canza komai. Kada ka raina wannan. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar kyamarori da rautoci ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na kamfani kawai, aka yi amfani da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix.

Wasu masu haɗawa kuma suna canza ta, amma su ƙi faɗa maka, don duk ranar da kake son canza kalmar WiFi sai ka kira su ka biya. Magini ne ya gama gini ya tafi da makulli. Kayanka ne, kuɗinka ne, kalmar sirrin haƙƙinka ce.

Ka kashe WPS. Tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai guda 8 ana iya fasa ta da gwaji kusan 11,000 kacal. A tsaro ka zaɓi WPA2 ko WPA3, kada ka bar shi a WEP. Kuma ka tuna daga Android 10 zuwa sama duk wanda ka sa wa kalmar sirri zai iya raba ta da lambar QR cikin daƙiƙa biyu. Idan datarka tana ƙarewa kamar ana zuƙa, kafin ka zagi kamfani ka buɗe jerin na'urorin da ke kai ka ƙirga. Baƙi kuma ka buɗe musu Guest Network.

KAFIN KA SAYO AKWATI NA UKU

Lambar da ke jikin kwali ba ita ce gudun da za ka samu ba. Rautoci masu araha da aka rubuta musu 300Mbps, da yawansu ramukan kebul ɗinsu 100Mbps ne iyaka. Idan kana da 5G ko faiba mai gudu, ka zura shi a irin wannan, ka ɗaure wa doki ƙafa da hannunka. Ka nemi wadda aka rubuta Gigabit. Kebul ma haka: Cat5e ko Cat6, mai silin waya 8 duka a haɗe, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Idan mai matse kai ya haɗa 4 kawai, ba za ka wuce 100Mbps ba komai tsadar rautar.

Ƙaramar na'urar ƙara zango da ake toshewa a soket, wadda ake tallata ta kamar maganin komai, tana karɓa ta sake aikawa a tasha ɗaya, don haka gudun yakan ragu kusan rabi. Sandunan WiFi za su cika a waya, bidiyo kuma yana ta juyawa. Kebul ɗaya da aka ja zuwa ɗakin baya ya fi ta nesa ba kusa ba.

Wurin ajiya shi ma aiki ne. Akwatin sim yana son kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Rauta tana son tsakiyar gida, a sama, ba a bayan talabijin ko cikin durowa ba. 5GHz ya fi gudu amma bangon bulo da kankare yana kashe shi da wuri, 2.4GHz ya fi ratsa bango. Kuma idan an ɗauke wuta kana canza caja, ka karanta abin da aka rubuta. Wata rautar 9V take ci, wata 12V, kan cajar kuma yakan zo iri ɗaya.

ABIN DA ZA KA TAMBAYA KAFIN KA BIYA

Duk wanda ya zo haɗa maka, kafin ya sa kuɗi a aljihu ka yi masa tambaya huɗu. Wanne ne yake raba adireshi, modem ko rauta? Mece ce lambar shiga kowanne? Mece ce kalmar sirrin saiti, rubuta min a takarda. An kashe WPS? Sannan ka ɗauki waya biyu, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin baya, ka duba Gateway a gabansa.

Wanda ya san aikinsa zai amsa yana murmushi, don ya samu kwastoman da ya san darajar aiki. Wanda ya fara kame-kame yana cewa "Alhaji wannan harkar injiniyoyi ce, ba za ka gane ba", ka riƙe kuɗinka har sai ya gyara.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'a, ba gaba nake da kowa ba. Minti goma ne. Ku koya, ku yi, ku caji kuɗinku da hujja. Wanda ya san gidan da ake fama da "jiya ya yi, yau ya ƙi", ya tura musu wannan rubutun.

Allah Ya ba mu halal.